Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: A Kan Wa Aka Gwada Manhajar Nan?

Akwai kalmar da ta yi arha a bakin yaranmu masu boko a 'yan shekarun nan, ita ce "jahilci". Dattijo ya kasa ciro takardar haihuwar jikansa ta waya, a ce jahilci. Hajiya ta tura kuɗi sun faɗa lambar wani, a ce jahilci. Mahauci ya danna inda bai dace ba an rufe masa asusu, nan ma jahilci. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, yau kuwa sai na amayar da ita, domin shari'a ce da ake ɗaure wanda aka cuta, a sallami wanda ya yi ɓarnar.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne a gaban idona, a wata rumfar tura kuɗi kusa da mararrabar Sainte-Rita. Gwaggona ta haura shekara 30 tana sayar da atamfa a Dantokpa. Mace ce da za ka ba ta lissafin sefa ta mayar maka da shi naira kafin ka gama laluben wayarka, tana ciniki da Hausa da Fon da Yarbanci, kuma ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa. Ran nan ta so aika wa ɗanta kuɗi Parakou ta wata manhaja. Sau uku tana farawa, sau uku abin yana rufewa kafin ta gama duba lambar da ta rubuta a takarda. A na huɗu ta isa wajen kalmomi biyu na Faransanci, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ta danna wadda ta soke komai. Yaron rumfar ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, kawo in yi miki, ba za ki iya ba." Ta miƙa masa wayar, ta faɗi lambarta ta sirri da ƙarfi, mutum huɗu suna ji. Na ce, "Haba Gwaggo, ai ba a faɗa." Ta dube ni ta ce, "To ya zan yi, ɗan nan? Abin ba da ni yake magana ba."

Gwaggo ta gano ciwon fiye da duk wanda ya kira ta jahila. Manhajar ba da ita take magana ba, domin wanda ya ƙera ta bai taɓa zama kusa da mai kama da ita ya ga yadda take riƙe waya ba.

A sana'ar ƙera manhaja da shafukan intanet akwai aikin da ake kira gwajin sauƙin amfani. Ba wani tsafi a cikinsa. Ana samo mutum daga cikin waɗanda aka yi abin dominsu, a ba shi waya, a ce, "Tura wa ƙaninka jika biyar," sai mai ƙerawa ya ja bakinsa ya yi shiru, ya zuba ido. Ba zai nuna masa ba, ba zai gyara masa ba. Duk inda mutumin ya tsaya, duk inda ya koma baya, duk inda ya yi tsaki, sai a rubuta. Ƙa'idar farko da ake gaya wa mutumin ita ce: manhajar ake jarrabawa, ba kai ba. In ka ɓata hanya, hanyar ce ta faɗi.

Mu 'yan Zango mun san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Tela yakan auna ka, ya ɗinka, ya ce ka zo ka gwada. In riga ta matse a kafaɗa, babu telan da ke da hankali da zai ce kafaɗarka ce ta yi kuskure. Zai warware ya sake. Baduku ma haka yake yi da takalmi. To me ya sa da aka zo kan waya, sai aka ce ƙafa ce za ta yi daidai da takalmi?

Kada wani ya ce aikin na da tsada. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Jakob Nielsen da Thomas Landauer, suka yi lissafin yawan mutanen da ake buƙata a irin wannan gwaji. A shekarar 2000 Nielsen ya taƙaita sakamakon: mutum 5 sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani. Ya kuma gindaya sharaɗin da masu ambatonsa suke yawan mantawa, cewa in masu amfani da abin sun kasu gida-gida, dole a ɗauko daga kowane gida. Ɗalibai 5 na jami'ar Abomey-Calavi za su gaya maka abin da ke damun ɗalibai. Ba za su gaya maka abin da ke damun mai sayar da goro ba.

Da za a kawo gwajin nan Zango, me za a gani? Abu na farko, lissafi. Mu da dala muke ƙidaya kuɗi, dala kuwa faran 5 ce. In mai kilishi ya ce "ɗari", faran 500 yake nufi. Gurbin da ke jiran adadi bai san da wannan ba, duk wanda ya rubuta abin da ke bakinsa ya tura kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya yi niyya. Na biyu, suna. Takardar Nasara tana neman "Nom" da "Prénoms", Bahaushe kuwa sunansa yake da shi da na mahaifinsa, wani ya ƙara da na kaka ko na gari. Wannan ya sa uba a gurbin farko, wancan ya sa shi a na biyu, sai 'yan uwa ciki ɗaya su fito da sunan gida uku, na'ura ta ce ba su haɗa komai ba. Na uku, ranar haihuwa. Dattawanmu nawa ne takardarsu ke ɗauke da "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza? Shafi kuwa ya kafe sai an ba shi rana da wata.

Ba a nan ya tsaya ba. Akwai gidan da waya ɗaya ce tsakanin mutum huɗu, a aiko da lambar tabbatarwa, wayar tana aljihun maigida a kasuwa. Akwai ƙaramar waya da ta cika da hotuna, babu gurbin sabuwar manhaja. Akwai mai sayen intanet na faran 100, shafi mai nauyi ya lashe shi kafin ya buɗe. Akwai malamin da ke karanta Larabci da ajami kamar ruwa, boko ne kawai bai yi ba, shi ma an jefa shi kwandon marasa karatu. Dukkan waɗannan, yini ɗaya a ƙarƙashin rumfa ya isa ya bayyana su. Gani ya kori ji.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta. Za a ce Faransanci ne harshen hukuma a Jamhuriyar Benin, kowa ya je ya koya. Madalla, 'ya'yanmu suna makaranta, kuma muna ƙara tura su. Amma mai shekara 60 fa, a ce ta ajiye kasuwa ta koma aji kafin ta taɓa kuɗinta? Sa'an nan mutanen nan da ake cewa ba sa koyo, su ne suka haddace lambobin MoMo da na Moov Money ba tare da malami ba. Su ne suke tafiyar da ciniki tsakanin Kwatano da Malanville da Kano da saƙon murya na WhatsApp. Ranar 30 ga Nuwamba 2024 aka ƙara 01 a gaban lambobin wayar ƙasar nan, suka tashi daga 8 zuwa 10, Zango bai buɗe makaranta don haka ba, kowa ya kama. Wanda aka yi wa abu daidai hannunsa yakan koya da sauri.

Za a kuma ce Hausawa tsiraru ne a nan, ba za a gina shafi don su ba. Wannan ita ce hujja mafi rauni. Matar da ke zaune kusa da Gwaggo a Dantokpa Bafona ce, ta gaba da ita Bayarabiya, can kuma Badendiya, kuma kalmomin nan biyu masu launi ɗaya sun kayar da su duka. Maɓalli babba, hoto mai ma'ana, murya mai karanta adadi da sunan wanda za a tura wa kafin kuɗi su fita, lokaci isasshe: wannan gyara ba shi da ƙabila. A Indiya, wata mai bincike, Indrani Medhi, da abokan aikinta a cibiyar Microsoft da ke Bangalore, sun gwada tura kuɗi ta waya da mutanen da ba su yi karatu ba. Da rubutu zalla babu wanda ya kai ƙarshe, da aka sa hoto da murya suka kammala. A Kenya, an fara gwajin M-Pesa a garin Thika a 2005 don biyan ƙananan basussuka. Da masu shi suka zuba ido, sai suka ga mutane suna aika wa juna kuɗi da shi. Suka bi sawun jama'a, suka ƙaddamar da shi a kan haka a Maris 2007. Talakawan Thika ne suka koya wa injiniyoyi abin da suka ƙera.

Maganar ta wuce ta jin daɗi, domin ƙasa ta riga ta koma waya. An yi rajistar RAVIP daga 2017 zuwa 2018, hukumar ANIP ke riƙe da lambar shaidar kowa, tun 2020 kuma aka buɗe shafin service-public.bj, takardun da a da ake bin layi dominsu yanzu ta intanet ake nemansu. Ci gaba ne, ban musa ba. Amma duk ƙofar da aka ƙera ba a auna masu shiga ba, sai ta haifi 'yan tsaron ƙofa. Kowace takarda sai an biya ɗan shagon intanet, kowane aike sai an nemi yaro. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi zafi shi ne sirri: uwa ta zama ba ta da abin ɓoyewa a gaban ɗan maƙwabta, ya san abin da ta tara, ya san wa take aika wa. Wanda ya saba miƙa lambarsa ta sirri ga yaron kirki, ran da ɗan damfara ya kira ma zai miƙa.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ma da namu laifin. Kunya ta yi mana yawa: a tambaye mu ko mun gane, mu ce mun gane don kada a raina mu. Mai gwajin da ya san aikinsa ba ya tambaya, kallo yake yi, amma mu ma mu daina rufa wa manhaja asiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ya yi shiru kuwa, ruwa ne zai kwana a kansa.

Ku kuma samarinmu da kuka karanta kwamfuta, da ku nake musamman. Daga yau, in Baba ya miƙo maka waya, kada ka fizge ka danna masa. Zauna, bar shi ya gwada, ka rubuta inda ya maƙale. Ku haɗa mutum 5 bayan sallar la'asar, mata 5 a cikin gida tare da 'yar'uwar da za su sake da ita, ku nemi izininsu, kada ku ɗauki lambar kowa. Ku tara abin da kuka gani, ku rubuta da Faransancin nan da kuka iya, ku kai wa kamfanoni da ma'aikatar da ke kula da harkar. Sarkin Zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su sa hannu. Koke mai shaida ya fi ƙorafin bakin rumfa nauyi.

Masu ƙera manhaja kuwa, hanyar Zango ba ta ɓata ba, ɗan zem zai kawo ku. Ku zo da wayarku da littafinku, za a shimfiɗa muku tabarma, a ba ku shayi. Gwaggo tana nan, ta ce in kun zo za ta nuna muku inda abinku ya daina magana.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.