Lambar waya ma jari ce, a yi mata rajista da sunan kamfani

Duk ɗan kasuwar Badagishiri da ya tashi tsara wa kamfaninsa harkar waya, abin da masu sayar da na'ura kan fara tallata masa shi ne tarhon girke da na'urar amsa kira mai cewa a danna ɗaya ko a danna biyu. Kafin a kai nan, akwai tambayar da ta fi nauyi: lambar da abokan ciniki suka haddace, sunan wa ke kanta? A shaguna da yawa layin na yaron shago ne ko na direba. Ranar da ya bar aiki, da layinsa zai tafi, dillalan kasuwar dabbobi da masu sarin albasar Galmi da masu ɗaukar simintin Malbaza kuwa shi za su ci gaba da kira. Maigida ya rasa cinikin da ya yi shekaru yana ginawa, ba shi kuma da bakin ƙara, tunda rajista ba ta san shi ba.

Saboda haka a fara da layi biyu na kamfanoni daban-daban, ko Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom da ta gaji Orange a 2019, ko Niger Telecom, duka da sunan kamfani, don in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya riƙe. Mai hulɗa da Sakkwato ta iyakar Birnin Ƙwanni ya ƙara da layin Najeriya. Maganar ajiye saƙo kuwa, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Wanda bai iya rubutu ba ma ya iya danna alamar murya a WhatsApp ya faɗi buhu nawa yake so, da Hausa, saƙon kuma ya zauna ya zama shaida in gardama ta taso kan farashi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana nuna lokutan buɗe shago, tana kuma amsa wanda ya aiko saƙo da dare.

Wasu za su ce tarhon girke ya fi kwarjini. Ga banki ko asibiti, inda ake raba kira ofis-ofis, haka ne. Amma na'urar tana son wuta a tsaye, kuma ba mu manta ba cewa a watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, sai a 2024 ta maido. Salula kuwa ƙaramin faifan hasken rana ya ishe ta. Wasu kuma za su ce ba kowane makiyayi ke da babbar waya ko kuɗin intanet ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa dole a ɗora wa mutum guda alhakin duba kiran da aka rasa, ya maida shi kafin la'asar, da katin kamfani.

Alhaji, duba layin shagonka yau. In ba sunanka ko na kamfaninka ke kai ba, je ofishin masu layin tare da yaron a gyara tun kuna shiri.