Ambaliyar Haɗeja: Amsar Tana Cikin Fayil

Duk lokacin da Kogin Haɗeja ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2001 da 2020 da 2022, tambaya ɗaya nake ji a bakin manoman Auyo da Kirikasamma da Guri: shin ruwan sama ne ya yi yawa, ko kuwa sako shi aka yi daga madatsun Tiga da Challawa? Ruwa dai ba ya tsami banza, amma musu a majalisar hira ba zai warware wannan ba. Amsar tana cikin takardu.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da su. Aiki irin wannan, wanda rayukan al'umma suka rataya a kansa, wajibi ne kowane mataki nasa ya bar sawu a rubuce: tsayin ruwa a kowace rana, wanda ya ba da umarnin buɗe ƙofa, adadin da aka sako, da ranar da sanarwa ta isa ga ƙananan hukumomi da hakimai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na taɓa aiki a wani ofis inda na tarar da kwafi biyu na ƙa'idar aiki guda, tsohon da wanda aka yi wa gyara, babu kwanan wata a jikin ko ɗaya. Wani ƙaramin ma'aikaci ya bi tsohon, aka yi asara, shi kuma aka ɗora wa laifi. Tun daga ranar na gane cewa tara takardu daban, tsare su daban. Tsarewa ita ce kowace takarda ta sami lamba da kwanan wata da sa hannu, a janye tsohuwa da zarar sabuwa ta fito, a rubuta sunan duk wanda ya karɓa, sannan a adana kwafi a kwamfuta a wani gari, domin ruwan da ya ci gona ba zai ƙyale ma'ajiyar fayil ba.

Wannan ba alfarma ba ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati adana bayanan ayyukansu, da amsa wa mai nema cikin kwana 7, ta kuma tanadi ɗauri ga jami'in da ya lalata ko ya jirkita su da gangan.

Don haka ina kira ga Gwamnatin Jigawa da Majalisar Dokokinta su nemi a riƙa wallafa bayanan ruwan madatsun nan kowane mako a lokacin damina. Hakan kariya ce ga manomi, kariya ce kuma ga injiniyan da ya yi aikinsa tsakani da Allah. A fara tun da rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya kiyashe mu.