Amfanin Karanta Labaran Duniyar Da Ba Ta Zo Ba

Tsakanin 1920 da 1921 wani injiniyan jiragen ruwa ɗan Rasha, Yevgeny Zamyatin, ya rubuta ƙagaggen labari wanda aka fi sani da sunan We. A ƙasar da ya ƙaga babu mai suna, kowa lamba gare shi, gidaje na gilashi ne domin kada wani ya ɓuya, kuma hukuma ce ke tsayar da lokacin farkawa da na cin abinci da na barci. Mahukuntan Tarayyar Sobiyet suka hana buga shi. Fassararsa ta Turanci ce ta fara fitowa a Amurka a 1924, 'yan ƙasarsa kuwa ba a buga musu shi a gida ba sai 1988. Gwamnati mai sojoji da gidajen yari ta shafe shekara sittin da 'yan kai tana tsoron labarin da kowa ya san ƙage ne. Ta gane abin da mu masu karatu muke yawan rainawa: wanda ya saba hango duniyar da ta bambanta da tasa, ko mafi kyau ko mafi muni, yana da wuyar yarda cewa halin da yake ciki ba ya sauyuwa.

Zalunci ba ya faɗo wa al'umma dare ɗaya. Kaɗan-kaɗan yake shigowa, kowane taki da hujjarsa, har mutane su saba. Marubucin labarin mummunar makoma yakan ɗauki ƙaramar ɗabi'ar da ake kawar wa kai a zamaninsa, ya ja ta har ƙarshenta, ya ce ga inda wannan hanya ta nufa. A littafin George Orwell na 1949, Nineteen Eighty-Four, aikin Winston Smith shi ne gyara tsofaffin jaridu domin jiya ta dace da abin da jam'iyya mai mulki ke faɗa yau, kuma allon da ke ɗakinsa yana kallonsa yana saurarensa. Da Edward Snowden ya fallasa a 2013 yadda hukumar tsaron Amurka ke tattara bayanan wayar miliyoyin mutane, cinikin littafin ya tashi, domin jama'a sun koma neman kalmomin da za su fassara abin da ya same su. Aldous Huxley ya riga shi da Brave New World a 1932, kuma a ganina gargaɗinsa ya fi kusa da mu. A can ba a buƙatar bulala. Ana raba ƙwayar da ke kawar da damuwa, ana cika mutane da nishaɗi, har ba wanda ke jin an ƙwace masa komai. Duk wanda ya lura da sa'o'in da waya ke cinye wa matasa da dattawa ba zai ɗauki wannan a matsayin tatsuniya ba.

Akwai mai cewa gaibu sai Allah, don me za a saurari mai ba da labarin gobe? Gaskiya ne gaibu sai Allah, amma waɗannan marubuta ba duba suke yi ba. Shekarar 1984 ta zo ta wuce Ingila ba ta zama abin da Orwell ya zana ba, kuma hakan bai rage wa littafin komai ba. Kayan aikinsa duk abin da ido ya gani ne: mulkin Stalin, Jamus ta Hitler, ƙaryar jaridu da ya shaida a yaƙin basasar Sifen, da aikin farfaganda da ya yi a BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Haka Octavia Butler, da ta fitar da Parable of the Sower a 1993, fari da talauci da unguwanni masu katanga da ta gani a Kalifoniya ta ƙara wa nauyi, har ruwa ya fi man fetur tsada a labarinta. Wannan shi ne ganin gemun ɗan'uwa ya kama wuta a shafa wa nasa ruwa, kuma babban rabon irin wannan gargaɗi shi ne kada ya tabbata.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: yawan karanta rushewar duniya na iya kashe zuciya, matashi ya yanke cewa komai zai lalace, gyara ɓata lokaci ne. Ina ganin akwai gaskiya a nan, musamman a labaran kasuwa da ke sayar da tsoro kawai. Maganinsa shi ne ɗaya ɓangaren, labaran kyakkyawar makoma. Lokacin da Thomas More ya buga Utopia a 1516, ya fara ne da Ingila ta zahiri, inda ake korar manoma daga gonaki domin kiwon tumaki, sannan a rataye su idan yunwa ta sa sun yi sata. Bayan nan ne ya kawo tsibirin da ake aikin sa'a shida a yini kuma ba mai bara. Tsibirin ma'auni ne da ya ajiye kusa da ƙasarsa domin a ga gibin. A 1905 wata Musulma 'yar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta Sultana's Dream, ƙasar da mata masu ilimi ke girki da zafin rana da suka tara, suna tatsar ruwa daga gajimare. Ba ta tsaya a mafarki ba. Ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi, wadda ta koma Kalkata a 1911 kuma tana nan har yau.

Za a ce masu mafarkin cikakkiyar al'umma sun zubar da jini mai yawa, kuma Kambodiya ƙarƙashin Pol Pot daga 1975 zuwa 1979 ta isa shaida. Amma masu tilasta wa jama'a aljannarsu ta duniya mutane ne da suka riƙe tsari ɗaya suka haramta tambaya. Karatun waɗannan littattafai tambayar yake koyarwa. Tsibirin More yana da bayi, kuma ba a tafiya wani gari sai da izini. Ursula Le Guin a The Dispossessed na 1974 ta gina al'ummar da ba gwamnati ba mallaka, sannan ta nuna yadda tsoron bakin jama'a da hassada ke danne mai sabon tunani a cikinta. Wanda ya bi ta cikin waɗannan, idan ɗan siyasa ya zo masa da alƙawarin sabuwar ƙasa, zai tambaya wa zai biya, wa za a bari a bayan ƙofa, kuma me zai sami wanda ya ce bai yarda ba.

Irin wannan rubutu kuma ba baƙon abu ne da Turawa kaɗai suka mallaka ba. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta littafi kan birni nagari da biranen da suka ɓata. Likitan nan ɗan Masar, Ahmed Khaled Tawfik, ya fitar da nasa Utopia da Larabci a 2008, inda attajirai suka killace kansu a gaɓar teku talakawa na ruɓewa a waje, shekara uku kafin boren Masar na 2011. A Hausa ma Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, Bala Abdullahi Funtua kuma ya mayar da labarin dabbobin Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Ba kowane littafi ne ya dace da kowane shekaru ba, wannan aikin iyaye da malamai ne su tace. Abin da ya rage shi ne ƙarancin irin waɗannan littattafai a harshenmu. Marubutanmu da suka cika kasuwa da labaran soyayya suna da basirar zana Kano ko Damagaram bayan shekara hamsin, idan rijiyoyi sun ƙafe ko kuma idan an farfaɗo da dazuzzuka. Masu fassara da sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauko ko da biyar daga cikin waɗannan littattafai su mayar da su Hausa, malaman sakandare kuma su sa ɗalibai su karanta su yi muhawara a kansu a cikin aji.