FILIN GWAGGO: Simat ko Ɗan Akwati? Kada Kallo Ya Cinye Gona

  

Yau ku yi mini afuwa ba zan amsa wasiƙu ba, domin wani abu ya faru a gidanmu da kakar bara, wanda in na yi shiru ban kyauta muku ba. Magana ce ta kayan kallo, amma kada ku raina ta, don saura ƙiris ta raba wani yaro da gonar gadonsa, ta kuma shiga tsakanina da 'yar yayana.

Ƙauyenmu a ƙasar Dambatta yake. Duk wadda ta san wannan yanki na arewacin Kano ta san ba mu da daji, gona ce a jikin gona, gida na hangen gida, sai gawo da kuka da ɗorawa tsaitsaye a tsakani. Ba a barin ƙasa ta huta, kowace damina sai an noma ta, takin dabbobi ne ke riƙe da ita. In an raba gado kuwa, ɗan abin da kowa zai samu ba shi da yawa. Shi ya sa a wajenmu wanda ya saki gona, samun wata sai ikon Allah.

To Autar yayana ce ta gama sakandare aka sa mata rana da wani yaro mai hankali, manomi, wanda da rani yakan tafi kasuwar Dawanau neman na cefane. Kun san al'ada, gado da kujeru da kayan kicin na iyayen amarya ne, kayan kallo kuwa na ango. Ana saura wata biyu biki sai matar yayana ta aiko in zo maza. Ina shiga na tarar da Auta kwance a ɗaki ido ya yi ja.

Na ce, "Ke lafiya? Wa ya mutu?"

Ta ce, "Gwaggo ni fa na gaya masa, in ba simat mai inci 43 ba kada ma ya kawo mini komai. Ƙawata da aka kai wancan wata irinta aka sa mata. In yana sona ai zai nemo."

Na ce, "Shi kuma me ya ce?"

Sai uwarta ta karɓe da cewa, "Me zai ce? Yaron nan jiya an gan shi gidan wani mai kuɗi yana maganar jinginar da gonarsa ta gindin tsamiya."

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Gonar nan fa ita ce rumbun da Auta za ta ci tuwo a ciki. Ban yi mata faɗa ba, don na san yarinya in tana cikin wannan hali faɗa ƙara mata taurin kai yake. Cewa na yi ta shirya gobe ta raka ni mu gano ɗakin ƙawar tata, daga nan mu wuce birni.

Mun je kuwa. Ɗaki ya yi kyau ba laifi, ga simat nan a bango ta kusa cinye rabin ɗakin, an lulluɓe ta da farin leshi saboda ƙura. Amarya kuma tana zaune a ƙasanta tana kallon Labarina a 'yar wayarta! Na ce, "'Yata, ga babbar talabijin kina matse ido a waya?" Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo batirin solarmu ba ya ɗaukarta sai na ɗan lokaci, fetur ɗin janareto kuma kin san yadda ya koma. Ranar da muka haɗa ta da intanet kuwa, datar da maigida ya saya ta wata guda kwana biyu ta yi." Na saci kallon Auta, ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi.

Daga nan muka hau mota sai kasuwar Sabon Gari, wajen wani dattijo mai gyaran talabijin da na daɗe da sani. Abin da ya fahimtar da mu, da wanda na bincika daga baya, shi zan feɗe muku yanzu.

Ita simat ba wani abin tsafi ba ce, talabijin ce da aka dasa wa 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki, wadda ke kamo intanet ta buɗe YouTube da sauransu. Shi kuma ɗan akwatin nan da ake kira akwatin Android, wannan 'yar kwamfutar ce dai, amma a waje, girmansa bai fi tafin hannu ba. Ana soka wayarsa a ramin da aka rubuta HDMI a bayan filasma, nan take filasmar da ba ta san intanet ba ta koma yin aikin simat. Wasu akwatunan ma suna da wajen sa wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, don haka har tsohuwar talabijin mai ƙeya suna iya tayarwa. Ba sabon abu ba ne a duniya: Apple TV ya fito a 2007, Roku a 2008, Chromecast na Google a 2013, Fire TV Stick na Amazon kuma a 2014.

To ina bambancin? Mai gyaran ya ce, "Hajiya, gilashi da ƙwaƙwalwa ba tare suke tsufa ba." Gilashin talabijin in ana kula da shi yakan yi shekaru masu yawa yana nuna hoto garau. Ƙwaƙwalwar kuwa kamar ta waya take, bayan 'yan shekaru sai ta fara nauyi, wurin ajiyarta ya cika, kamfani ya daina sabunta ta. Wannan ya sha faruwa. A 2015 YouTube ya daina buɗewa a wasu talabijin da aka ƙera daga 2012 zuwa baya, a watan Disamba na 2019 kuma Netflix ya daina aiki a wasu tsofaffin simat na Samsung, alhali gilashinsu lafiya lau. Shi ma akwati yana tsufa, ba na ce ba ya yi ba, don a wannan lokacin har wasu tsofaffin Roku abin ya shafa. Amma in akwati ya tsufa, akwati kawai za ki canja da kuɗi kaɗan. In ƙwaƙwalwar simat ta tsufa fa? Ko ki sayi sabuwa dungurungum, ko ki koma ki sayi akwatin nan da kika raina ki maƙala mata.

Ina jin wannan sai na tuna talabijin ɗin mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. A cikinta muka kalli CTV ta Kano, wadda aka buɗe a 1982 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, yanzu ake kiranta ARTV. Da finafinan Hausa suka fara fitowa a kaset, tun daga Turmin Danya a 1990, aka maƙala mata bidiyo. Kaset ya wuce aka kawo na'urar faifai, faifai ya wuce aka kawo risiba da dish. Na'ura uku ta binne tana nan zaune a kan teburinta. Maƙwabciyarmu kuwa da aka yi wa gata da talabijin mai haɗe da bidiyo a jiki, ranar da kaset ya maƙale sai da aka ɗauki duka aka kai wajen gyara, gida ya zauna ba kallo ba labarai. Simat jikanyar waccan ce.

Sai dai 'ya'yana ku buɗe kunne, kada wata ta je ta ce Gwaggo ta ce akwati maganin komai ne. Akwai abu uku da sai kun lura da su.

Na farko, data. Simat da akwati duk bakinsu ɗaya wajen shan data, babu wanda ke kawo fim a kyauta daga iska. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya yana iya cin giga 1 a hoto na yau da kullum, giga 3 a hoto mai kyau, har giga 7 a wanda ya fi kowanne kyau. Babban gilashi kuma ba ya kyau sai da hoto mai nauyi, shi ya sa datar ƙawar Auta ta yi kwana biyu. Ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Dabara ita ce ki shiga saitin YouTube ki sauke hoton zuwa 360 ko 480, a inci 32 ba zai dame ki ba. Sannan kafin a sayi komai, a tsaya a cikin ɗakin da za a zauna a gwada ko sabis na kamawa, don wani ɗakin sai an fita gindin bishiya ake amsa waya.

Na biyu, wuta. Filasma mai inci 32 tana cin wajen wat 30 zuwa 50, ɗan akwati kuwa bai cika wuce wat 10 ba. Gilashi na ƙara girma cin wuta na ƙaruwa. A gidan da sola ɗaya ce ke riƙe da ƙwai da fanka da cajin waya, wannan lissafi ya fi inci muhimmanci, musamman yadda fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Akwai ma talabijin da ke aiki kai tsaye da batirin sola, a tambaya.

Na uku, araha ba ta ado. Akwai akwatuna marasa suna da ake tallarsu da cewa za ki kalli duk tashoshin duniya kyauta har abada. A watan Yuni na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa da yawa daga irin waɗannan suna zuwa da muguwar manhaja a ciki, wadda ke ba ɓata-gari damar amfani da intanet ɗin gida ba da sanin mai shi ba. Ga kuma tashoshin rashin kunya da kan zo a cikinsu, a gidan da yara ke shiga da fita. A sayi mai suna, a sa mai shago ya kunna a gabanku, a karɓi rasit.

Kada kuma ku haɗa wannan akwati da dikoda. Dikoda irin ta StarTimes ko GOtv, da risibar dish, ba su shan data. In abin da kike so Daɗin Kowa ne da Kwana Casa'in na Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, to dikoda ko risiba ta wadatar da ke. Akwati na mai bin shirye-shiryen YouTube ne irin su Izzar So, da karatun malamai, da darussan girki da ɗinki, da na shirin jarrabawa. Ranar da babu data kuma, a kai filash wajen masu tura finafinai a cika shi, a soka a jikin akwatin ko filasmar.

Ita simat fa ba ta da amfani ke nan? Tana da shi mana. Rimot ɗaya ne, babu tarkacen wayoyi, ɗaki ya fi tsafta. Wadda za ta zauna inda wuta ke samuwa, sabis na da ƙarfi, mijinta kuma zai saya daga aljihunsa ba tare da ya ci bashi ba, Allah Ya sanya alheri. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da nake ƙi shi ne a jinginar da abin da ke haihuwa kowace damina don a sayi abin da darajarsa ke raguwa tun ranar da aka fito da shi daga kwali.

A mota muna dawowa Auta ba ta ce mini uffan ba. Na ce, "Ke da kike cewa in yana sonki ya nemo, ai ya nuna yana sonki tunda har ya ɗauki gonar ubansa zai miƙa. Saura ke, ki nuna kina sonsa ki hana shi." Ta juyar da kai waje. Sati biyu cur ba ta gaishe ni a waya ba, har na fara tunanin ko na yi shisshigi. Ashe tun a daren ta aika masa cewa ya bar maganar jingina.

Yaron ya sayi filasma mai inci 32 wadda ba simat ba, da ɗan akwati mai suna, duka daga kuɗin gyaɗa da waken da ya sayar. Ba zan ɓoye muku ba, ranar ganin ɗaki an yi mata gori. Wata daga cikin ƙawaye ta ce, "Au, 'yar wannan ce?" Auta ta shiga uwar ɗaka ta yi kukanta. Kuma har yau ba kullum suke da data ba, wani satin filash ne abokin hira.

Amma da na kai mata ziyara bayan an yanke gero, na tarar da dammuna jingine a tsakar gida, na gonar gindin tsamiya. Ta dama mini fura, ta kunna mini wani darasin yankan riga da take bi a akwatin, can sai ta ce a hankali, "Gwaggo, da yanzu fa awo muke yi a kasuwa." Ban ce komai ba, na dai sha furata.

Don haka 'yata, kafin ki kafe wa saurayi a kan sunan kaya, tambayi kanki: da wace wuta zan kunna, da wace data zan kalla, kuma daga ina kuɗin zai fito? In amsar ta ukun ta taɓa gona, ko tunkiyar uwarsa, ko kuɗin makarantar ƙannensa, to ki haƙura da inci. Ƙawayen da za su yi miki gori wuni ɗaya za su yi su watse, ke ce za ki kwana da rumbun.

Waɗanda suka aiko wasiƙu ku ƙara haƙuri, in Allah Ya kai mu fitowa ta gaba da ku zan fara. A gaida su Inna da Baba.

Taku har kullum,
Gwaggonku.