Inda Bulalar Malam Ta Taɓa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan karatu da tsakar gidaje, daga Tawa har Damagaram, wai duk inda bulalar malam ta taɓa a jikin yaro wutar lahira ba za ta ci wurin ba. Maganar ba ta cikin Alƙur'ani, ba ta cikin hadisi, amma ta fi hadisai da dama samun masu aiki da ita. Da ita uba ke rufe bakin uwa idan ɗanta ya komo gida da shatar dorina a baya. Da irinta kuma mushen lakwal ke fakewa, alhali kuwa ma'aikatar ilimi ta daɗe da aike wa makarantu takardar hana duka. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su dubi wannan gado da idon basira, su tantance ko tarbiyya ce, ko kuwa cuta ce aka naɗa wa rawani.

Masu kare bulala hujja biyu gare su. Ta farko karin magana ce, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai duk wanda ya taɓa yin baka ko tankar rumbu ya san da lallami ake tanƙwara ɗanyen icce, wanda ya sa masa ƙarfi karya shi yake yi. Ta biyu ita ce, wai su ma an dake su, ga shi sun zama mutane. Masu wannan magana su ne waɗanda suka tsira, shi ya sa ake jin muryarsu. Ba wanda ya je tasha ko bayan kasuwa ya tambayi wanda ya gudu daga aji yana shekara tara bai sake waiwayar allo ba.

Likitoci sun bayyana abin da ke faruwa a jikin yaron da ke rayuwa cikin fargaba. Idan mutum ya tsorata, jikinsa na sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya bugawa da sauri domin ya gudu ko ya kare kansa, in haɗari ya wuce sai jiki ya lafa. Yaron da ake duka kullum, kuma daga hannun wanda ya kamata ya zame masa mafaka, jikinsa ba ya samun lafawa. Hankalinsa na kan hannun malam, ba ya kan darasi, don haka hadda ba ta zama. Daga nan sai fitsarin kwance, da firgita cikin barci, da razana idan an ɗaga murya, da shiru mai tsawo ko faɗa ba dalili. A gida sai a ce iska ce, a tafi neman turare. A makaranta sai a ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai, a ƙara masa bulala. Ke nan abin da ya kawo ciwon shi ake ba shi a matsayin magani.

Ciwon kuma ba ya tsayawa a ƙuruciya. A 1998 wasu likitocin Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun wallafa binciken da suka yi kan manya fiye da 9,000. Sun gano cewa waɗanda suka haɗu da nau'i huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya, kamar duka da zagi da lalata da ganin ana dukan uwa, haɗarin faɗawarsu cikin shaye-shaye da ciwon baƙin ciki da yunƙurin kashe kai ya ninka na sauran sau 4 zuwa 12. A 2016 wani nazari da ya tattara binciken shekaru 50 kan yara fiye da 160,000 ya nuna cewa dukan horo ba ya ƙara ladabi, da ƙaruwar rashin ji da saurin kai hannu yake tafiya.

Za a ce wannan zancen Turawa ne. To, sai a koma ga malaman da ake alfahari da su. Ibn Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 870, ya rubuta littafi kan ladubban malamai inda ya taƙaita duka, ya hana malami bugu don huce fushinsa, ya hana taɓa fuska da kai. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware fasali guda yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibi na koya masa kasala da ƙarya da yaudara, domin tsoro ne ke sa shi bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Sama da duka, an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba, kuma Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma bai ji tsawa daga gare shi ba. Wa ya fi kusa da sunna ke nan, mai haƙuri ko mai dorina?

Lakwal ma ba ta da bakin zargin tsangaya. Dattawa da yawa na tuna “sambol”, abin nan da ake rataya wa yaro don kawai ya yi Hausa ko Zabarmanci a harabar makaranta, ya wuni yana farautar wanda zai miƙa wa. Wulaƙanci a gaban tsara rauni ne ko da jini bai fita ba. Inda shiru ke kai al'umma kuwa an gan shi a Satumban 2019, lokacin da ƴan sandan Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, cikinsu har da ƙananan yara, daga wani gidan horo a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu. Haka nan, tun hare-haren Fabrairun 2015 a Boso da Difa, azuzuwan ƙasar nan sun karɓi yaran da suka ga kisa da idonsu. Malamin da ya zane irin wannan yaro don ya kasa natsuwa ya yi wa gyambo fami.

Ba a musun cewa malamin da aka tara wa yara tamanin a ajin zana, ba littafi, ba horo kan halayyar yara, yana cikin matsi. Wannan laifin hukuma ne, kuma a wuyanta ya kamata a rataya shi, bayan yaro ba wurin biyan bashin gwamnati ba ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, wadda sashenta na 19 ya wajabta kare yaro daga kowane irin cin zarafi. Togo ta haramta dukan yara da doka a 2007, Benin ta bi sahu a 2015, kuma ba a ji tarbiyya ta rushe a can ba.

Saboda haka a sa sanin alamomin firgici cikin karatun makarantun horon malamai. Kwamitocin iyaye su buɗe ƙofar da yaro zai kai kuka ba tare da an mayar da shi hannun wanda ya cuce shi ba. Ƴan wasan kwaikwayo da mawaƙa su daina mai da dukan yaro abin dariya a dandali da gidajen rediyo. Malaman addini kuma su hau mumbari su faɗa ƙarara cewa bulala ba ta kare kowa daga wuta. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. In haka ne, duk maƙwabcin da ya ji kukan yaro ta kan katanga ya ja bakinsa ya yi shiru, da hannunsa a cikin dukan.