Daga Situdiyo: Wane Fiyano Za Ka Zaɓa?

Kwanan baya na leƙa wani situdiyo a Unguwar Sarki, na tarar da matasa biyu ana ta musu: wane fiyano ya fi daɗi cikin kwamfuta?

Da can, zamanin Sangaya, kiɗan fim ɗinmu ya dogara ne da Yamaha PSR, ka danna ya ba ka sarewa da ganga. Yanzu kuwa Fruity Loops, wadda ta koma FL Studio a 2003, da Cubase da Kontakt sun cika mana kwamfuta da ɗaruruwan sautuka. Amma abin haushi, kowa sauti ɗaya yake ɗauka, shi ya sa waƙar biki daga Kawo har Tudun Wada kamar uwa ɗaya ta haife su!

Shawarata, malam makaɗi: fara sauraren muryar mawaƙinka tukuna. Siririyar murya tana son fiyano mai taushi. Kalangu kuwa, don Allah kira makaɗin gaske ya buga, shi ma ya samu na cefane. Na'ura ba ta iya sa kalangu ya yi magana.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.