KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA DA LAUYA

Duk wanda ya bi Titin Kotu a Gyadi-Gyadi da hantsi zai ga talakawa cike da bakin kotunan majistare, kowa da takarda a hannu da damuwa a ciki. A cikinsu akwai 'yan kasuwar Tarauni da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda rigimar rumfa ko bashi ko kuɗin haya ta kawo. Sai mutum ya shiga ofishin lauya don ya yi tambaya, a yi maganar rabin sa'a, ya yi godiya zai tashi, a ce masa kawo kuɗin shawara. Shi kuwa bai sa hannu a kan kome ba. To, tilas ne ya biya?

Ba za mu ɓoye wa 'yan'uwa gaskiya don ta yi ɗaci ba. Rashin sa hannu ba ya kashe hakkin lauya. Shawara ita ce hajarsa, kamar yadda atamfa take hajar mai rumfa. In ka nemi aikinsa ya yi maka, ko da ba a yanka kuɗi ba, kotu tana iya ba shi ladan da ya yi daidai da wahalarsa.

Amma fa doka ba ta sakar masa linzami ba. Dokar Lauyoyi ta 1975, sashi na 16, ta ce lauya ba zai kai ka ƙara a kan kuɗinsa ba sai ya ba ka takardar lissafi mai sa hannunsa, wadda ta nuna ayyukan da ya yi, sa'an nan ya dakata wata guda. A cikin watan nan sashi na 17 ya ba ka ikon roƙon Babbar Kotu ta sa a bincika lissafin, in da ƙari a rage. Har ila yau, dokar ladan lauyoyi ta 2023 ta ɗora wa lauya nauyin ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin kwana 14 da karɓar aikinka. Watau rubutun nan nauyin lauya ne, ba nauyin mai tallan gyaɗa ba.

Wannan doka ta 2023 kuma ta yanka mafi ƙanƙancin abin da lauya zai karɓa, har a kan shawara. An kare cikin lauya, madalla. To, wa ya kare aljihun talaka? A zamanin En'e, ba a barin lauya ya tsaya wa mutum a kotun alƙali. Yanzu ƙofa ta buɗe, bai kamata tsoron kuɗin da ba a sani ba ya sake rufe ta.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Lauyoyi reshen Kano ta sa kowane ofishi ya kafa kuɗin shawararsa a bakin ƙofa, da Hausa, boko da ajami, don mai shiga ya san abin da ya taka.

Ku kuma 'yan'uwa, ba wanda zai ɗauki buhun gero a Tarauni bai tambayi kuɗinsa ba. Kafin ka buɗe baki da matsalarka, tambayi nawa ne. A rubuta, ka karɓi taka takardar. In ka biya, karɓi rasit. In ba ka iya karatu ba, tafi da wanda ya iya. Wanda ba shi da hali kuwa, ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofishi a Kano.

Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma lauyan kirki ba zai ji haushinta ba. Wanda ya ɓata rai don an ce nawa ne, to, ka ɗauki takalmanka tun da sauran rana. Rashin sani ya fi dare duhu.